Kwamfutar da Baba ya saya min ta tsufa, ga kundina a cikinta

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar sakandare ce a Zariya, ina kuma karatun digiri na biyu, yanzu haka ina babi na huɗu na kundina. Kwamfutar da nake aiki da ita HP EliteBook 840 G3 ce, 'yar Beljiyam. Mahaifina ne ya saya min ita a 2019 da na dawo daga bautar ƙasa, ba a yi shekara biyu ba Allah ya karɓi abinsa. To yanzu ta gaji. In na kunna ta, sai in ɗora tukunya in dawo ba ta gama buɗewa ba. Batirinta ba ya wuce minti ashirin in an ɗauke wuta. Ga kuma wani saƙo da take ta nuno min, wai an daina kula da Windows 10. Na gwada komawa Windows 11, ta ce ba ta cancanta ba. A cikinta an rubuta i5-6300U, RAM 4GB, ma'ajiya 500GB, aikina kuma bai wuce Word da SPSS, manhajar lissafin alƙaluman bincike, da binciken intanet ba.

Mai gyara ya ce in haƙura da ita in sayi wata, har ya nuna min wadda yake da ita. Ƙanena ya ce shi zai sa min Windows 11 ta bayan fage. Wani abokin karatunmu ya ce in koma wani abu wai shi Linux. Wata mai kamawa ni ce da kwasar adashi, naira dubu ɗari uku, maigidana kuma ya ce tunda tana tashi a bar ta, kuɗin a rage na makarantar yara. Maganar ta sosa min rai, sai na ji kamar karatuna ba a bakin komai yake ba a wurinsa. Ni kaina kuma ba na son rabuwa da ita, don hotunan Baba da muryoyin da yake turo min duk suna ciki, kundin ma a cikinta kaɗai yake. Malam, ina mafita?

Wata malama daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ke kuma ya ba ki sa'ar kammalawa.

A duk wasiƙarki abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wanda kika sako a ƙarshe kamar ba komai ba, wai kundin a cikinta kaɗai yake. In da hali, ki ajiye wannan amsar tukuna, ki kunna ta ko da za ta ci rabin awa, ki tura wa kanki babi huɗun nan ta imel tare da fayilolin SPSS ɗin. Gobe ki sayi sabon filashi ki zuba kundin da hotunan Baba da muryoyinsa, ki kuma ɗora wani kwafin a Google Drive, wanda yake ba kowa 15GB kyauta. Irin kwamfutarki ta fito ne a 2016, kuma kafin ta iso hannun Baba wani ya more ta a wani ofishi a ƙasar waje. Faifan ajiyar da ya kai waɗannan shekarun ba ya sallama in zai tafi. Ko faifan bai mutu ba ma, hannun mutum ya isa. Ni ganau ne. Shekarun baya na kai wa wani mai gyara tawa don ta rage nauyi, na wuce masallaci, kafin in dawo ya goge komai ya zuba sabon Windows, yana ta murmushi yana jiran in yaba. Aikin wata bakwai ya tafi a tsakanin Azahar da La'asar. Ba mugunta ya yi ba, ni ban faɗa masa ba, shi kuma bai tambaya ba.

To, mu dawo kan abin da ya kawo ki. Mutum huɗu sun ba ki shawara huɗu, kuma abin da ya hana shawarwarin haɗuwa shi ne cuta biyu ce ke damun kwamfutar, kowa ya kama ɗaya ya saki ɗaya. Akwai nauyin jiki, akwai kuma ƙarewar wa'adin Windows 10. Babu abin da ya haɗa su sai zuwan da suka yi lokaci guda. Saƙon nan da kike gani bai rage mata gudu ko kaɗan ba, kuma da a ce yau an sa mata Windows 11 a yadda take, da tukunyar taki ta nuna har ta huce ba ta gama buɗewa ba.

Ki ɗauki kwamfuta kamar shago. Furosesa shi ne mai shagon, RAM ita ce kantar da ke gabansa, faifan ajiya kuma shi ne sito. Mai shagonki, wato i5-6300U, dattijo ne amma da sauran ƙarfinsa, rubutun Word da lissafin SPSS na kundi ɗaya ba su fi ƙarfinsa ba. Kantarsa ce ƙarama. Windows 10 shi kaɗai yakan cinye kusan rabin 4GB ɗin nan, sai ki buɗe Chrome da shafuka goma, ki buɗe Word, ki ƙara da SPSS, kanta ta cika, dole a riƙa kwasar kaya ana kaiwa sito ana ɗaukowa. Siton kuma yana da nisa, ɗan aiken ma a ƙasa yake tafiya. Domin 500GB ɗin da kika ambata, da irin jan ƙafar da take yi, kusan tabbas tsohon faifai ne mai juyawa: faranti ne na gaske a ciki, yawanci yana zagayawa sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke bin sa tana laluben inda aka ajiye abu. Gani ya kori ji. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance ki duba Disk. In kika ga an rubuta HDD, kuma yana maƙale a kashi 100 alhali ba kya yin komai, to kin kama mai laifin.

Maganinsa SSD ne, wato sabon irin faifan ajiya. Shi babu abin da ke juyawa a cikinsa, yana karanta kusan 500MB a daƙiƙa inda tsohon faifan yake fama da ɗari ɗaya, a wajen ƙananan fayiloli kuwa, waɗanda su ne suke riƙe kwamfuta lokacin tashi, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Mai 256GB ya ishe ki in abin da ke cikin tsohon bai kai haka ba, kuma yana shiga daidai gurbin da tsohon ya fita. Ki haɗa da ƙarin RAM. Kwamfutarki tana da gurbi biyu na DDR4, don haka ana iya ƙara wani 4GB ta zama 8GB, in kuɗi ya isa a sa mai 8GB. Da waɗannan biyun, na'urar da kike ɗora wa tukunya za ta buɗe kafin ki gama gyara zama. Ban san wani gyara a harkar kwamfuta da kuɗinsa yake fitowa fili kamar wannan ba.

Sauran ƙanana ne. Batiri ana canza shi, sai dai ki duba ko ya kumbura: in kika ga wurin da kike goga yatsa ya taso, ko murfin ƙasa ya ɓalle da kansa, kada ki ƙara jona ta a wuta sai an cire shi. A kuma buɗe fankar a kakkaɓe ƙurar hunturun shekara da shekaru, a sake shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗebe masa zafi. Kwamfuta in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, zafin Zariya na watan Afrilu kuwa ba sai na ba ki labari ba. Ki daina ɗora ta kan katifa ko filo, tana shaƙewa.

Ranar gyaran ki tafi da ƙanenki, ku zauna a yi komai a gabanku. Ba zargin kowa nake ba, amma kwamfutar matar aure da hotunan iyali a ciki ba abin da ake bari a shago a tafi ba ne. Ki ce wa mai gyaran ya kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabon, yadda Word da SPSS da komai za su tashi kamar yadda kika bar su, kada ya yi miki irin abin da aka yi min. In zai sa SSD, ki nemi sabo a kwalinsa, domin akwai jabu da suke ɗauke da sunan manyan kamfanoni, akwai kuma waɗanda aka ciro daga wasu kwamfutocin sun riga sun sha aiki. Wata 'yar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar faifai da adadin awannin da ya yi yana aiki. Masu gyara sun san ta. Ki ce a buɗe miki ki gani da idonki.

Sai cuta ta biyu, wadda ita ce ta gaske, kuma kuɗin gyara ba ya warkar da ita. Windows 10 ya fito a watan Yulin 2015, Microsoft ta daina yi masa facin tsaro na kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoban 2025. Wannan ba ya nufin zai daina tashi. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da ake turowa duk Talata ta biyu a wata, wanda yake toshe kafofin da aka gano. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, yanzu kuma magini ya tattara kayansa. Tsagewar ba rana ɗaya take zuwa ba. Windows 7 an daina kula da shi a Janairun 2020, amma Chrome ya ci gaba da sabunta kansa a kai har farkon 2023, sannan aka rufe wannan ƙofar ma, daga nan abubuwa suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Haɗarin kuma ba tatsuniya ba ne. A watan Mayun 2017 wani bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, WannaCry, ya shiga ƙasashe sama da 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin gwamnati a Ingila, alhali facin da zai hana shi ya fito tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Wani abin da saƙon nan bai gaya miki ba: in Office 2016 ko 2019 kike amfani da shi, shi ma wa'adinsa ya ƙare a wannan rana ta 14 ga Oktoba.

Dalilin da Windows 11 ya ƙi karɓar kwamfutarki kuwa yana cikin lambar da kika rubuto. A i5-6300U, wannan 6 ɗin da ke bayan 'yar sandar ita ce abin da 'yan kasuwa suke kira jenareshon, ni zan ce zubi na shida. Microsoft ta ja layinta daga zubi na takwas na Intel zuwa sama, ban da wasu 'yan ƙalilan, ta kuma ce sai da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Furosesar irin taki a manne take da allon kwamfutar, ba a cire ta a sa wata. Don haka duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya ɗaga miki ita ta cancanta, ki riƙe kuɗinki.

Amma akwai ƙofar da babu wanda ya ambata miki cikin mutum huɗun nan. Microsoft ta buɗe wani ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga masu amfani na gida, suna kiransa ESU, wanda aka sanar zai ci gaba da kawo facin tsaro har ranar 13 ga Oktoban 2026. Ana shiga ta hanya uku: a biya dala 30, ko a ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta in mutum ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitunan kwamfutarsa a can. Ta ukun ita ce taki. Ki shiga Settings, ki je Update & Security, a shafin Windows Update za ki ga wurin yin rajista. Sharaɗin shi ne Windows ɗinki ya kasance a sigar 22H2, na halal, kuma Home ko Pro. A nan ne kwamfutocinmu na hannu suke tuntuɓe, domin da yawa an zuba musu Enterprise ko wanda aka fasa a kasuwa. In taki haka take, kada ki karaya. Irin waɗannan kwamfutocin ofis da yawa suna zuwa da lasisin Pro a binne a cikin allonsu, in aka zuba Windows 10 Pro mai tsabta sai ya gane kansa da zarar ya hau intanet. A wannan halin ne kaɗai zan yarda a yi sabon zubi maimakon kwafe, shi ma a kan sabon SSD, tsohon faifan yana gefe ba a taɓa shi ba, kuma sai kin tabbatar kina da hanyar mayar da SPSS ɗinki.

Shawarata ke nan a dunƙule, ƙanwata: ki gyara jikinta, ki shiga wannan ƙarin wa'adin, ki gama kundinki a kan Windows ɗin da hannunki ya saba da shi. Wanda yake babi na huɗu ba shi da lokacin koyon sabuwar na'ura.

Na san za ki ce, in kare kundin ya wuce Oktoban 2026 fa? Duk wanda ya yi karatun gaba da digiri a ƙasar nan ya san yadda babi ɗaya yake kwana wata uku a teburin malami, balle a shiga yajin aiki. Ko hakan ta faru, ba a ranar za a yi miki sata ba. Microsoft ta ce Defender, mai gadin da ke cikin Windows 10, zai ci gaba da samun bayanan sababbin bairos har Oktoban 2028, haka ma burauzarta Edge. Sai ki mayar da kwamfutar ta rubutu da lissafi zalla, harkar banki ki bar ta a waya, ki daina sauke manhajojin da aka fasa. Abin da ya fi kama kwamfutocin ɗalibanmu ma ba daga wata ƙasa yake zuwa ba, filashi ne da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi, bairos ya shige shi, fayiloli duk sun rikiɗe sun zama gajerun hanyoyi, wato shortcut. Ki riƙa mayar da aikinki PDF ki tura musu ta imel ko WhatsApp, filashinki ya zauna a gida.

Ƙanenki ba ƙarya ya yi ba. Ana yi. Da wata manhaja mai suna Rufus ana shirya filashin Windows 11 da zai tsallake binciken furosesa da na TPM, kuma a kan irin taki, in an sa SSD da 8GB, yana tafiya lafiya. Na sa wa mutane, wasu har yau suna kai. Abin da ya sa ba zan ce ki yi yanzu ba shi ne Microsoft ta faɗa a fili cewa irin wannan kwamfutar ba ta da alkawarin samun sabuntawa. Yau tana samu, gobe ba wanda ya ɗaukar miki alkawari. Sannan Windows 11 yana fitar da sabuwar siga duk shekara, kowace siga ta Home da Pro wata 24 ake kula da ita, kwamfutar da ta shiga ta bayan fage kuma yawanci ba a miƙo mata sabuwar da kanta, sai an sake yin dabarar da hannu. Ke nan duk bayan wani lokaci sai kin nemo ƙanenki, shi kuma wata rana zai yi aure ko aiki ya kai shi Legas. Ga wanda yake jin daɗin kwance na'ura ya ɗaura, wannan wasa ne. Ga mai kundi a hannu, ranar da abu ya karkace ana saura kwana uku a miƙa aiki, ba wasa ba ne. In kin kare kundin, kika ga kuɗin wata kwamfutar bai samu ba, to a lokacin ki kira shi. Windows 11 ta bayan fage da yake samun faci ya fi Windows 10 da aka yi watsi da shi.

Abokin karatunku ma yana da gaskiyarsa, lokacin ne bai yi ba. Linux babbar manhaja ce kamar Windows, kyauta ce, ba ta tambayar zubin furosesa. Wadda ta fi sauƙi ga wanda ya taso a Windows ita ce Linux Mint, sigarta ta 22 kuma za a kula da ita har 2029. Har tsarin rubuta ɓ da ɗ da ƙ tana da shi, kamar yadda Windows yake da shi. Matsalar ita ce Word ba ya hawa kanta. Akwai LibreOffice da ke buɗe fayilolin Word, amma kundi mai jadawali talatin da lambobin shafi iri biyu da gyare-gyaren malami a gefe, in ya je can ya dawo, sai kin ga tebur ya tsallaka shafi, tazara ta canza, ki kwana kina gyaran abin da ba ilimi ba. A wajen lissafi akwai jamovi da PSPP, duka kyauta, suna buɗe fayilolin SPSS, sai dai in sashenku SPSS ya sani, da shi za a tambaye ki ranar karewa. Daɗin abin shi ne ana iya gwada Mint daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Wata Asabar bayan an ɗaure kundi, ki gwada.

Mai gyara kuma, wanda ya ce ki haƙura da ita sannan ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur, ba sai na ce komai ba, kasuwa yake. Amma ƙarshen maganarsa gaskiya ne, lokaci kawai ya gaggauta. Wata rana za ki sayi wata, kuma tunda ba a fafe gora ranar tafiya, bari in gaya miki abin dubawa tun yanzu, don a nan ne aka fi cutar mutane.

Kada sunan i7 ya ruɗe ki. Lambar da ke bayan sandar ita ce magana. i7 mai U a ƙarshen lambarsa, na zubi na huɗu ko na shida, yana bayan i5-8250U, domin na takwas ɗin yana da ƙwaƙwalwa huɗu a ciki, su kuma biyu kamar naki. Daga zubi na goma lambobin biyu ne a gaba, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Kada kuma ki dogara da sunan samfurin: EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 duk an yi su da zubi na takwas, amma akwai waɗanda suka fito da na bakwai, a jiki ɗaya, ba ki bambance su da ido. Ganin Windows 11 a kan sikirin ma ba hujja ba ne, domin dabarar da ƙanenki ya sani masu sayarwa sun riga shi saninta. Ki shiga Settings ki karanta lambar da kanki, ko ki sa a buɗe PC Health Check, manhajar Microsoft da ke faɗin ko na'ura ta cancanta. Ki sa a shiga BIOS, wato shafin saitunan allon kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gabanki don ki tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirrin wani kamfani ba. Ki danna kowane harafi, ki gwada kowace kafa ta filashi, ki buɗe murfin ki rufe ki ji ko maƙallansa sun saki, ki cire caja ki zauna minti talatin kina kallon yadda batirin yake sauka. Mai gaskiya ba zai hana ki ba.

Sai tarkon da ya fi kama masu kuɗin adashi: sabuwa dal a kwali, siririya, mai sheƙi, da araha. In kika duba sai ki ga Celeron ce, ƙaramar furosesar Intel, da 4GB da ma'ajiya 64GB, an manne komai ba a ƙarawa. Ta cancanci Windows 11 a takarda, amma EliteBook ɗinki da SSD za ta wuce ta ta bar ta da ƙura. Araha ba ta ado. Ta hannu mai zubi na takwas zuwa sama, da 8GB ko 16GB da SSD, ta fi miki sau goma.

Ban sa miki farashi ba da gangan, domin yana bin dala, kuma tun ƙarshen 2025 kuɗin RAM da SSD ya tashi a duniya saboda yadda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke wawure su. Ki tambaya a wurare uku, ko a nan Zariya ko ki sa wani ya tambayo miki a titin Beirut a Kano. Ki rubuta kuɗin SSD da RAM da batiri da na aiki a gefe guda, kuɗin ta hannu mai zubi na takwas a ɗaya gefen. In gyaran bai kai rabin kuɗin waccan ba, ki gyara. In ya haura, ki fara ajiye batiri a gefe ki sake lissafi, tunda SSD shi ne dole, RAM na biye. In kuma mai gyara ya buɗe ya tarar allon kansa yana da matsala, tana mutuwa da kanta ko tana ƙin karɓar caji, to wannan wata magana ce, kada ki zuba kuɗi a rijiya, ki sayi wata kawai.

Wannan takardar lissafin da za ki rubuta, ita za ki kai wa maigida. Ban san shi ba, ba kuma zan yanke masa hukunci daga layi biyu ba. Abin da na gani shi ne an zo masa da magana ɗaya, sabuwar kwamfuta ta cinye adashi gaba ɗaya, ga kuɗin makaranta a gaba, sai ya kama abin da ido yake gani: ai tana tashi. A rabin maganar yana da gaskiya, domin ba ta mutu ba. Rabin da bai gani ba shi ne awannin da kike ɓatawa kina jiran ta, bayan kin dawo daga aji kin gama da yara, da kuma cewa kuɗin rajistar wata shekarar in kundi ya makara ya fi kuɗin SSD. Kuɗin adashin naki ne, wannan ba abin gardama ba ne, kuma shi ma ya sani. Amma ki same shi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce ga abin da gyara zai ci, ga abin da kika ga za ki iya sawa a na makarantar yara, ga kuma ɗan abin da za ki fara ajiyewa don wata kwamfutar a zagaye na gaba. Maganar da ta sosa miki rai ma ki faɗa masa, a hankali, ba a ranar lissafin kuɗi ba. Sau da yawa namiji yana faɗin magana yana kallon aljihu, bai san inda ta sauka ba.

Ko ranar da kika sayi wata, ban ga dalilin sayar da wannan ba. Abin da za a ba ki a musaya ba zai taka kara ya karya ba. Ki sa mata Mint yara su koyi rubutu a kai, ko ki ba wata ɗalibarki da ta samu gurbin jami'a ba ta da halin saye, da niyyar ladan ya kai ga Baba.

Tsohon faifan kuwa, ranar da aka cire shi, kada ki bari a ce a bar shi a shago ko a rage miki kuɗin aiki da shi. Ki sa a saka miki shi a 'yar kwalin da ake jonawa ta kafar filashi, ba ta da tsada, ki sa shi a jakarki ki dawo da shi gida. Ki jona shi sau ɗaya ki tabbatar muryoyin Baba suna buɗewa, sannan ki naɗe shi ki ajiye inda kike ajiye takardun makarantarki.